Zuwa ga Edita: Tun ranar naɗi ake ɗaure alƙali

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in faɗi albarkacin bakina kan halin da kotunan ƙasar nan suke ciki. Ni ba lauya ba ne, ban kuma taɓa hawa kujerar alƙali ba. A ofishin rajistara na yi aiki tun ina saurayi har na yi ritaya: karɓar ƙara, buga hatimi, jera fayil, kiran shari'a da safe, rubuta ranar da aka ɗage zama. Mai wannan aiki yana ganin abin da lauya ba ya gani, domin shi ne yake nan kafin a buɗe zaure, shi ne kuma yake nan bayan kowa ya watse.

Duk majalisar da ka zauna yau aka ɗauko zancen kotu, kafin ka rufe baki wani zai ce ai kuɗi ne ke magana. Ba zan ƙaryata shi ba. Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci da kanta ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2018 da 2020 an nema, ko an yi tayi, ko an biya cin hancin da ya haura naira biliyan 9 a ɓangaren shari'a, akasarinsa ta hannun lauyoyi, kuma a kan shari'o'in zaɓe da na siyasa. A ƙasa kuma, wajen irinmu ƙananan ma'aikata, kowa ya san yadda fayil yake ɓata ya sake bayyana idan an ba da na goro, da yadda sammaci yake kwana a aljihun masinja. Wannan duk yana nan, kuma abin kunya ne.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya wuce wannan. Na yi aiki da alƙalan da zan iya dafa Alƙur'ani in ce ban taɓa ganin sun karɓi ko kwabo ba, masu tsoron Allah, masu zuwa aiki kan lokaci. Duk da haka, ranar da aka kawo ƙarar da ta taɓa gidan gwamnati, sai ka ga mutum ya sauya. Ya ɗage zama, ya sake ɗagewa, ya nemo wata 'yar ƙa'ida ya kori ƙarar, ko ya mayar da fayil ga Babban Joji ya ce a ba wani. Babu wanda ya kawo masa jaka cikin dare. Bashi ne kawai yake kansa, wanda ya ci tun ranar da aka naɗa shi. Hausawa sun ce idan baki ya ci, ido kan ji kunya.

Bari in bayyana yadda ake naɗin, don da yawa ba su sani ba. A jiha, hukumar kula da ma'aikatan shari'a ce ke tattara sunayen waɗanda za a yi wa alƙalan babbar kotu. Babban Jojin jiha ne shugabanta, Kwamishinan Shari'a na gwamna yana ciki, lauyoyi biyu da wasu mutum biyu da ke cikinta kuma gwamna ne ke zaɓo su. Daga nan sunaye su tafi Abuja wajen Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ta tantance, sannan su dawo gwamna ya rantsar. Kafin ma a fara, sai an nuna wa NJC cewa akwai zauren da sabon alƙali zai zauna, akwai gida, akwai mota, kuma duk waɗannan a hannun gwamna suke. A rubuce, ƙa'idar NJC ta ce duk wanda aka kama yana kamun ƙafa an cire shi daga jerin. A aikace kuwa, na sha ganin majistaren da ya shekara da shekaru yana shari'a babu tabo, hukuncinsa ba ya rushewa a sama, an tsallake shi an ɗauko wanda bai taɓa tsayawa gaban kotu ya kare ƙara mai nauyi ba, saboda ɗan wane ne ko matar wane ce. Shi wanda aka tsallake ya koyi darasi, na bayansa ma sun koya: aiki ba ya kai mutum, sai ubangida.

A saman ma haka abin yake, sai dai da wata siffa. NJC tana da mambobi 24, kuma 19 daga cikinsu Alƙalin Alƙalan Najeriya ne ke naɗa su. Shi ne shugaban majalisar, shi ne shugaban hukumar da ke tsara naɗin alƙalan tarayya, shi ne shugaban kwamitin da ke ba lauyoyi lambar SAN ta manyan lauyoyi. Ba ni na fara faɗin wannan ba. Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad, ranar da yake bankwana da Kotun Ƙoli a watan Oktoba na 2023, ya tsaya a zauren kotun ya ce wannan iko ya yi wa mutum ɗaya yawa, ya kuma koka cewa an bar kotun da alƙalai 10 alhali tsarin mulki ya ba da damar 21. Mutumin da ke biye wa Alƙalin Alƙalai a girma ne ya faɗi haka. Ɗan siyasa ba ya bukatar ya bi alƙalai ɗaya bayan ɗaya, ya ishe shi ya samu kunnen mutum guda.

Sai maganar kyauta. Gwamna ya saya wa alƙalai motoci, a kira 'yan jarida, a jera alƙalai a rana suna karɓar makulli suna godiya. A Abuja, Ministan Babban Birnin Tarayya Nyesom Wike ya ƙaddamar da ginin gidaje 40 na alƙalai a 2024, mutumin da rikicin siyasar jiharsa ta Ribas yake gaban kotuna iri-iri a daidai lokacin. Ban ce alƙali bai cancanci gida da mota ba. Ya cancanta, ya ma fi cancanta da da yawa daga masu rabon. Albashinsu ya shekara fiye da goma bai motsa ba kafin a ƙara shi a 2024, har a 2022 alƙalan Kotun Ƙoli 14 suka rubuta wa Alƙalin Alƙalai na lokacin, Mai Shari'a Tanko Muhammad, takardar koke kan wutar lantarki da man janareta da gidajen zama. Abin da nake cewa shi ne haƙƙi ya zo a matsayin haƙƙi, daga kasafin ɓangaren shari'a, ba daga hannun mutumin da gobe za a kira sunansa a matsayin wanda ake ƙara ba. A kan wannan ne ƙungiyarmu ta ma'aikatan shari'a, JUSUN, ta rufe kotunan ƙasar nan wata biyu a 2021. An sa hannu a yarjejeniya, an ma gyara tsarin mulki a 2023 don kuɗin kotunan jihohi ya riƙa zuwa kai tsaye, amma ka je ka tambayi Babban Rajistara na jihohi da dama sau nawa yake zarya ofishin Akanta Janar kafin a saki kuɗin takarda da tawada.

Wanda alheri bai ɗaure shi ba, akwai bulala. A 2011 Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, Mai Shari'a Ayo Salami, ya yi rantsuwa cewa Alƙalin Alƙalai na lokacin, Aloysius Katsina-Alu, ya nemi ya sa baki a shari'ar zaɓen gwamnan Sakkwato. Katsina-Alu ya musanta. Salami aka dakatar, kuma ko da NJC ta ba da shawarar a mayar da shi a 2012, gwamnatin Jonathan ba ta mayar da shi ba har ya yi ritaya. A watan Oktoba na 2016 jami'an tsaron farin kaya na DSS suka afka gidajen alƙalai cikin dare, har da biyu na Kotun Ƙoli, Sylvester Ngwuta da Inyang Okoro. Mutane da yawa sun yi murna, ana cewa ga gyara ya zo. Ina aka kwana? Shari'ar Ngwuta ta rushe a 2018 saboda ba a bi ta NJC ba, Okoro kuwa ba a ma gurfanar da shi ba. Idan da laifi, an bar shi ya tafi a banza saboda gaggawa. Idan babu, an wulaƙanta bayin Allah. Abin da ya saura a zukatan sauran alƙalai shi ne ana iya ɓalle ƙofar kowa.

Sannan ranar 25 ga Janairu, 2019, saura 'yan makonni a yi babban zaɓe, Shugaba Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen bisa umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, umarnin da aka bayar ba tare da an saurari ɓangarensa ba. Sashe na 292 na tsarin mulki ya ce sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa ake cire mai wannan kujera. Na san a Arewa da yawa sun goyi bayan abin, don suna ganin mutumin bai bayyana kadarorinsa ba. To, ko da ya yi laifin, hanyar da aka bi ta buɗe ƙofar da kowane shugaba mai zuwa zai iya bi. A ƙarshen 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin kama shi da laifi da Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta yi bayan sun sasanta da gwamnatin tarayya, amma kujerar ta riga ta tafi.

Me ya sa 'yan siyasa suka damu da kotu haka? Saboda mun bari ta zama rumfar zaɓe ta ƙarshe. A Janairun 2020 Kotun Ƙoli ta ba Hope Uzodimma kujerar gwamnan Imo, wanda a sakamakon INEC shi ne na huɗu. A Fabrairun 2023, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta ce Ahmad Lawan ne ɗan takarar sanata na APC a Yobe ta Arewa, ba Bashir Machina da ya ci zaɓen fidda gwani ba, kuma dalilin shi ne irin takardar da aka shigar da ƙarar da ita. Lauyoyi za su iya yi maka bayanin kowanne da sashe da lamba. Amma mutumin da ya bi layi cikin rana ya dangwala ƙuri'a ba sashe yake tambaya ba. Sai kuma ga Sanata Adamu Bulkachuwa a zaman bankwana na Majalisar Dattawa a Yunin 2023, ya miƙe yana gode wa matarsa, tsohuwar Shugabar Kotun Ɗaukaka Ƙara, kan yadda ya riƙa shiga hurumin aikinta kuma ta taimaka wa abokan aikinsa, har sai da Shugaban Majalisa ya katse shi. Ita ta musanta, shi ma daga baya ya ce ba a fahimce shi ba. Amma kunne ya riga ya ji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Kano, domin ya shafi sana'ata. A Nuwamban 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karanta a zaure cewa ta tabbatar da cire Gwamna Abba Kabir Yusuf. Da kwafin hukuncin mai hatimi ya fito, sai aka ga kusa da ƙarshensa an rubuta akasin haka, cewa an warware batutuwan ne don amfanin mai ɗaukaka ƙara, har da ba shi kuɗin ɗawainiya. Kotun ta ce kuskuren bugu ne. Ya Edita, ni ba ɗan jar hula ba ne, ba kuma ɗan ɗaya ɓangaren ba, amma na san yadda hukunci yake fita. Alƙali ya rubuta, mai bugu ya buga, alƙali ya karanta ya sa hannu, rajistara ya gwada kwafi da asali shafi-shafi kafin ya buga hatimi ya rubuta sunansa. Hatimin nan shaida ce cewa na duba da idona. Kuskuren da muka saba gani shi ne a juya lambar shekara, ko a ɓata harafin suna, ko a tsallake layi. Jimloli cikakku masu juya hukunci gaba ɗaya, a shari'ar da duk ƙasa ta zuba wa ido, wannan yana bukatar bayani fiye da kalma biyu. Ban ce an sayi kowa ba. Abin da na ce shi ne jama'a sun cancanci a gaya musu ta hannun wa takardar ta bi, wa ya duba, wane mataki aka ɗauka. Da aka yi shiru, kowa ya cike gurbin da abin da zuciyarsa ta raya masa.

A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar wa Abba kujerarsa, ta kuma mayar wa Gwamna Caleb Mutfwang na Filato tasa, tana cewa batun yadda jam'iyya ta tsayar da ɗan takara ba hurumin kotun zaɓe ba ne. To amma a kan wannan dalilin ne aka riga aka cire 'yan majalisar dokokin Filato 16, su kuma shari'arsu a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Kotu mafi girma ta ce an yi kuskure, waɗanda kuskuren ya faɗa wa suna gida, babu inda za su je.

A nan mu ma jama'a muna da namu. Ranar da hukunci ya yi wa jam'iyyarmu daɗi, kotu ce gatan talaka. Ranar da ya juya, alƙalai ɓarayi ne. Mutum ɗaya zai faɗi duka biyun cikin wata uku. Alƙalin da yake son tsayawa kan gaskiya ya san babu wanda zai tsaya masa, don rabin gari ne kawai zai yaba, shi ma sai zuwa shari'a ta gaba.

Akwai kuma umarnin wucin gadi, wanda sau da yawa ake bayarwa kafin a ji ɗaya ɓangaren. An yi shi ne don gaggawa ta gaske, kamar a hana rushe gida kafin gari ya waye. 'Yan siyasa sun mai da shi makami tun daren da Mai Shari'a Bassey Ikpeme ta ba da umarnin hana zaɓen 12 ga Yuni, 1993. A 2021 kotuna a Ribas da Kebbi da Kuros Riba suka ba da umarni masu karo da juna kan shugabancin Uche Secondus a PDP cikin kwanaki kaɗan, hukuncin da NJC ta yi wa alƙalan uku kuwa shi ne hana su ƙarin girma na wasu shekaru. A Mayun 2024, kan rikicin masarautar Kano, Babbar Kotun Tarayya ta ce kaza, Babbar Kotun Jiha ta ce akasinsa, 'yan sanda suka zaɓi wanda za su bi. Sirrin abin yana wajen rabon shari'a. Lauya ya san gaban wa yake so fayil ɗinsa ya sauka, kuma muddin mutum ɗaya ne ke rabawa da hannunsa a cikin ofis, za a samu hanyar isa gare shi.

Wanda ya fi cutuwa da duk wannan bai san ma sunan NJC ba. Don zaɓen 2023 an rantsar da alƙalai sama da 300 a kotunan sauraron ƙararrakin zaɓe, aka ɗebe su daga zaurukansu na tsawon watanni. Doka ta ba ƙarar zaɓe kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60. Ƙarar gado da ta fili da ta wanda ke tsare babu wa'adi. Ni ne nake fitowa in gaya wa tsohuwar da ta ranto kuɗin mota cewa Mai Shari'a ya tafi aikin zaɓe, ta dawo bayan wata uku. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke, wasu sun wuce adadin shekarun da za a ɗaure su da an same su da laifin. Wanda ya ga haka, gobe idan aka cuce shi ba kotu zai nufa ba. Zai kai ƙarar bashi wajen soja ko ɗan banga, ko a taru a kashe wanda ake zargi da sata a kan titi. Rikicin gona da burtali da yawa da suka zama zubar da jini sun fara ne daga ƙarar da wani ya ji an danne shi a cikinta.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba, domin na ga masu tsayawa. A Agustan 2023 Mai Shari'a Flora Azinge ta faɗa a buɗaɗɗen zaure a Kano cewa ana ƙoƙarin ba kotunta ta ƙararrakin zaɓe cin hanci. A Malawi, alƙalan da suka soke zaɓen shugaban ƙasa a 2020 an kai ƙarar yunƙurin saye su, aka kama wani hamshaƙin mai banki, kotu ta ɗaure shi. Ƙasa ce da ba ta kai mu arziki ko yawan lauyoyi ba.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne. Kwamitin gyaran zaɓe na marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya faɗa tun 2008 cewa a gama shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa, don kada mutum ya yi amfani da baitulmali da jami'an tsaro ya kare kujerar da ake jayayya a kanta. Har yau ba a yi ba. A rage yawan mutanen da Alƙalin Alƙalai ke zaɓa a NJC. A bar kwamfuta ta riƙa raba shari'a ta hanyar ƙuri'a a gaban lauyoyi. Alƙalin da aka samu da sayar da hukunci kada a tsaya ga yi masa ritayar dole ya tafi da fanshonsa, a miƙa shi kotu, tare da lauyan da ya kai saƙon.

Sama da duka, a buɗe naɗin. A Kenya da Afirka ta Kudu ana yi wa mai neman babbar kujerar alƙalanci tambayoyi a bainar jama'a, ana nunawa a talabijin. A nan, NJC ƙarƙashin Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ta fara wallafa sunayen masu neman kujerun a 2025 don jama'a su yi tsokaci. Mataki ne mai kyau, amma jerin sunaye a shafin intanet da Turanci ba zai kai ga mutanen da suka san waɗannan 'yan takara ba. Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne duk lokacin da irin wannan jeri ya fito, jaridarka ta buga shi da Hausa, ta tura wakili ya binciko kowane suna: a ina ya yi aiki, waɗanne shari'o'i ya yanke ko ya kare, nawa aka rushe a sama, wane mai mulki yake da dangantaka da shi. Ku kuma bayyana wa masu karatu inda za su aika ƙorafi da ranar da za a rufe karɓa. Tsofaffin ma'aikatan kotu irina muna nan da yawa, kuma idan wakilinku ya zo da tambaya za mu amsa masa.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin rajistarar kotu